Kalandula: Siffarta, Nomanta da Yadda Ake Sarrafa Furenta

Kalandula ƙaramin tsiro ne mai fure rawaya ko ruwan goro, wanda masana tsirrai ke kira Calendula officinalis, sunan da Carl Linnaeus ya tabbatar a littafinsa Species Plantarum na shekarar 1753. Tana cikin babban dangin Asteraceae, dangin da ya haɗa latas da shuwaka da tazargade. Jinsin Calendula yana da nau'o'i tsakanin 15 da 20, amma wannan ɗaya ce ta shiga lambu da madafi da shagon magani ta zauna. 'Yar uwarta ta kusa, Calendula arvensis mai ƙananan furanni, har yau ciyawa ce ta gefen gona a ƙasashen Bahar Rum.

Siffarta

Tsayinta yakan kama daga santimita 30 zuwa 60, wani lokaci ta kai 80 idan ƙasa ta karɓe ta. Karanta ba mulmulalle ba ne, yana da kusurwoyi, kuma yakan fara fitar da rassa tun daga gindi. Ganyenta dogo ne, santimita 5 zuwa 17, kore mai haske, ba shi da yanka-yanka, kuma ganyayen ba sa fuskantar juna a jikin kara, kowanne da nasa gurbin. Na ƙasa sun fi faɗi wajen baki, na sama kuwa ba su da mariƙi, kara suke runguma kai tsaye. Ganye da kara da gindin fure duk suna da gashi mai laushi wanda ke fitar da wani ɗanƙo mai ƙamshi. Wanda ya tsinki furanni kaɗan zai ji yatsunsa sun fara mannewa da juna, kuma ƙamshin ba ya barin hannu da wuri. Wannan ɗanƙon alama ce mai kyau ga mai neman magani.

Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ne, mai faɗin santimita 4 zuwa 7, a gaskiya taron ƙananan furanni ne masu yawa a kan mazauni guda. Na gefe su ne dogayen fallayen nan masu launi, kuma su ne mata, su ke ɗaukar iri. Na tsakiya gajeru ne, cunkushe, aikinsu fitar da ƙurar fure wadda ƙudan zuma da sauran ƙwari ke kwasa. Shi ya sa idan fure ya bushe a kan uwarsa ake ganin iri ya kewaye gefe, tsakiya babu kome. Akwai nau'o'in da fallayensu layi ɗaya ne ko biyu, akwai kuma waɗanda aka inganta har fallaye suka kusa rufe tsakiyar. Waɗannan masu cika su ne aka fi nomawa don magani. Furen yakan buɗe da hantsi ya rufe da yamma, kuma ranar da gari ya yi lumshi yakan ƙi buɗewa sosai. Manoman Turai na dā sun riƙe wannan a matsayin alama: idan ƙarfe bakwai na safe ta wuce kalandula ba ta buɗe ba, sai su sa ran ruwa.

Irinta shi ne abin da ya fi bambanta ta da kowa. Fure ɗaya yakan ba da iri mai siffa uku. Na can waje dogo ne, lanƙwasasshe, da 'yan ƙayoyi a bayansa, yana iya maƙalewa a gashin dabba. Na tsakiya yana da faɗi da fiffike-fiffike, iska na iya tura shi. Na ciki ƙarami ne, ya naɗe har ya kusa zama zobe, yakan faɗi nan gindin uwarsa. Dukkansu suna tsira, kuma tsiro iri ɗaya suke bayarwa.

Kada a ɗauke ta da Tagetes

Wannan wuri ne da ya kamata a tsaya a kai, domin kuskuren da ake yi a nan yana ɓata duk aikin da zai biyo baya. Da Ingilishi ana kiran tsirrai biyu da suna marigold, kuma sunan ne ake bugawa a fakitin iri. Ɗaya ita ce kalandula. Ɗayan shi ne Tagetes, ɗan asalin Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka, wanda ya shigo Turai a ƙarni na 16 ya bazu duniya. Shi ne furen nan mai cika, rawaya ko ruwan goro, da ake yawan gani a harabar makarantu da ofisoshi da wajen masu sayar da furanni a bakin titi a garuruwanmu, domin yana jure zafi da damina. Dangi ɗaya suke, amma sinadaransu daban ne, kuma duk abin da aka rubuta game da kalandula a littattafan magani bai shafi Tagetes ba.

Rarrabe su ba wuya. Ganyen Tagetes a yayyanke yake, ƙananan ganyaye jere a kan jijiya guda, kore mai duhu, kuma in an murza shi yakan fitar da wari mai ƙarfi. Ganyen kalandula falle ɗaya ne mai laushi. Irin Tagetes siriri ne, miƙaƙƙe, baƙi, da ɗan farin gashi a kai. Irin kalandula kuwa a lanƙwashe yake. Mai sayen iri ya nemi sunan Calendula officinalis a jikin fakiti, idan bai gani ba ya zuba irin a tafin hannu ya duba. Tagetes ma yana da nasa amfanin: saiwarsa na rage wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa masu kumbura saiwar tumatir, kuma ana haɗa furensa a abincin kaji don gwaiduwar ƙwai ta yi launi. Amma ba shi ake sa wa rauni ba.

Mahaifarta da inda take jin daɗi

Asalin jinsin Calendula yankin Bahar Rum ne: kudancin Turai, arewacin Afirka, tsibiran Kanari, zuwa gabas har Iran. A can damina da sanyi tare suke zuwa, rani kuwa busasshe ne mai zafi. Tsiron ya ginu a kan wannan tsari: yakan tsira idan zafi ya sauka, ya yi fure cikin sanyi da farkon ɗumi, ya zubar da iri kafin rani ya tsananta. Kalandular lambu ta gaji wannan hali gaba ɗaya. Tana son rana sosai amma ba ta son zafi. Tana jure ɗan jaura mai daskarar da raɓa, amma da zafi ya zarce digiri 30 a ma'aunin Salshiyos ya kuma daɗe a haka, furanninta sai su ƙanƙance, daga baya ta daina fitar da su.

Ba ta da zaɓen ƙasa, muddin ruwa ba ya kwanciya. Ta tsere daga lambuna a ƙasashe da dama, tana fitowa da kanta a kufai da gefen hanya da juji. A arewacin Turai shukar bazara ce, ana shuka ta bayan ƙanƙara ta wuce. A ƙasashe masu zafi kuwa shukar sanyi ce. Masar tana cikin manyan masu fitar da busasshen furenta zuwa kasuwannin duniya, kuma manoman Fayyum da Bani Suwaif a lokacin sanyi suke noma ta da ban ruwa. Haka ma a filayen arewacin Indiya, inda ake shuka ta bayan damina ta ɗauke. Polan da Bulgeriya da Jamus ma suna nomanta.

Misalin Masar shi ne ya fi dacewa da mai son gwada ta a ƙasar Hausa. Lokacinta shi ne lokacin latas da kabeji da karas, wato noman rani na hunturu. A shuka a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, ta yi fure daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin zafin Maris da Afrilu ya ƙone ta. Tuddai masu sanyi, irin su Jos mai tsayin kimanin mita 1,200 da tsaunin Mambila, sun fi ba ta dogon lokaci. Tsakiyar damina ba nata ba ne, domin laima da ɗumi suna jawo mata fumfuna da ruɓewar gindi.

Amfaninta a gargajiyance

Rubutattun bayanai a kanta sun yawaita tun tsakiyar zamanai a Turai. Hildegard ta Bingen, malamar nan ta Jamus da ta rayu daga 1098 zuwa 1179, ta ambace ta cikin tsirran magani. John Gerard, a littafinsa na tsirrai na 1597, ya ba da labarin yadda mutane ke busar da fallayen furen su ajiye don lokacin sanyi, suna zubawa a romo da magunguna, har 'yan kasuwar kayan yaji suna tara shi ganga-ganga. Shiga tukunya da ta yi shi ne babban matsayinta a wancan zamani. Za'afaran yana da tsada ƙwarai, talaka ba ya iya sayensa, sai ya zuba kalandula don miya ko shinkafa ta yi launi. An kuma riƙa rina man shanu da cuku da ita, musamman na lokacin sanyi da ke fitowa fari. Maha'inta ma sun gano haka, suna cakuɗa fallayenta cikin za'afaran na gaske, kuma wannan algus bai ƙare ba har yau.

A ɓangaren magani, magabata sun ɗora mata abubuwa da yawa: ciwon ciki, shawara, zazzaɓi, kawo jinin al'ada, ƙarfafa zuciya. Yawancin waɗannan ba su samu hujjar da za ta riƙe su ba. Abin da ya tsaya, ƙarni bayan ƙarni da ƙasa bayan ƙasa, shi ne amfaninta a fata: yanka, ƙujewa, ƙaramar ƙuna, faso, kaushi, da gyambon da ya ƙi rufewa. Likitoci sun yi amfani da ita wajen wanke raunukan sojoji a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da kuma yaƙin duniya na farko, zamanin da ba a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta na yanzu ba. A ƙauyukan Jamus da Ostiriya da gabashin Turai, man shafawa na kalandula abu ne da uwar gida ke haɗawa da kanta ta ajiye. Da kitsen alade suka saba haɗa shi, don haka mai sayen irin wannan man daga waje ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Wanda ake yi da man zaitun da kakin zuma bai gaza shi da kome ba.

Bincike ya nuna abin da ke cikin furen. Akwai wasu sinadarai masu narkewa a mai, musamman dangin faradiyol, waɗanda aka danganta su da rage kumburi da jan fata. Akwai filabonoyid da safonin masu fita a ruwa, sannan karotinoyid masu ba shi launi, dangin abin da ke sa karas ja. Sanin wannan yana da amfani a aikace: abin da mai ke cirowa daga furen ba shi ne ruwa ke cirowa ba, shi ya sa ake da jiƙo daban da mai daban. Irin ma yana da mai mai saurin bushewa wanda aka gwada wajen haɗa fenti, amma wannan harka ce ta masana'antu.

Yadda ake nomanta

A zaɓi wuri mai samun rana aƙalla awa shida. Inda rana ke da ƙarfi, ɗan inuwar la'asar na taimaka mata. A kafce ƙasa, a farfasa dunƙulen ƙasa, a haɗa ta da ruɓaɓɓen takin gargajiya daidai misali. Yawan taki, musamman yuriya, kuskure ne: tsiron zai yi ganye shar, fure kuwa kaɗan. Idan ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, a ɗaga kunya ko a haɗa da yashi.

An fi so a shuka iri kai tsaye a fangali, a zurfin kimanin santimita ɗaya, a rufe shi da ƙasa sosai domin cikin duhu ya fi tsira. Zafin ƙasa na digiri 15 zuwa 20 shi ne ya fi masa, kuma yakan fito cikin kwana 7 zuwa 14. Idan tsirrai sun yi ganye huɗu sai a rage su, a bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakaninsu. Cunkoso shi ne ƙofar cuta, domin iska ba ta ratsawa. Ana iya renon ta a leda a dasa, amma a yi dashen tana ƙarama, kuma da yamma. Wanda ba shi da fili zai iya shuka ta a tukunya ko bokiti mai huji a gindi. Idan tsiro ya kai tsawon santimita 10 zuwa 15, a tsinke kan sa da farce. Wannan yakan jinkirta furen farko da 'yan kwanaki, amma rassa za su yawaita, fure ma haka.

Ban ruwa a gindi ake yi, da safe, ba a kan ganye ba. A bar saman ƙasa ya sha iska kafin a sake ba ta. Fure yakan fara bayyana mako shida zuwa takwas bayan shuka. Nau'o'in da masu magani suka fi nema sun haɗa da Resina da Erfurter Orangefarbige, saboda yawan ɗanƙonsu. Pacific Beauty da Orange King kuwa an fi shuka su don ado, ko da yake su ma suna aiki.

Abokan gabarta biyu ne manya. Ƙwarin darɓa sukan taru a ƙarƙashin ganye da wuyan fure, farar fumfuna kuma takan bayyana a kan ganye idan tsiro ya tsufa ko ya cunkushe. Darɓa ana wanke ta da ruwa mai ƙarfi ko ruwan sabulu marar kauri. Ganyen da fumfuna ta kama a cire shi a ƙone. Furen da za a ci ko a sa wa rauni ba a fesa masa maganin ƙwari na kanti, ko kaɗan. Saboda wannan dalili ne ma bai kamata a yi magani da furen da aka saya wajen masu sayar da furannin ado ba, tun da ba a san abin da aka fesa masa ba.

Don iri na baɗi, a ware tsirrai mafi lafiya tun farko, a bar furanninsu su bushe a kai har iri ya koma ruwan ƙasa yana zubowa da taɓawa. A shanya shi a inuwa 'yan kwanaki, a zuba a ambulan na takarda, a ajiye wuri mai sanyi da bushewa. Yakan yi shekara uku yana tsira. Idan nau'i biyu na kusa da juna, ƙudan zuma za su gauraya su, 'ya'yan kuma su fito da launi dabam-dabam.

Tsinka da busarwa

A nan ne yawancin masu farawa ke asara. Ana tsinkar fure ranar da ya buɗe sosai, da hantsi, bayan raɓa ta bushe. A kama shi da yatsu biyu a tsinke daidai wuya, ba tare da kara ba. A koma kowane kwana biyu ko uku. Tsinkar ita ce ke sa ta ci gaba da fure: muddin aka bar furanni suka fara ɗaukar iri, tsiron sai ya mayar da ƙarfinsa can ya daina fitar da sababbi. Fangalin da ake tsinka a kai a kai yakan yi wata biyu ko fiye yana bayarwa.

Ba a wanke fure kafin shanya, kuma ba a bar shi tare a buhu ko leda, domin cikin 'yan awoyi yakan ɗauki zafi ya fara baƙi. A baza shi falle ɗaya a kan faifai ko raga ko tsaftataccen ƙyalle, fuskarsa ƙasa, a inuwa mai iska. Rana kai tsaye tana kashe launi, launin kuma shi ne shaidar inganci. Iskar hunturu na busarwa da sauri, sai dai tana tafe da ƙura, don haka a rufe da siririn mayafi. Idan da na'urar busarwa ake aiki, kada zafi ya wuce digiri 40. Fiye da kashi uku cikin huɗu na ɗanyen fure ruwa ne, don haka abin da ya cika kwando zai koma ɗan kaɗan.

Fallaye sukan bushe cikin 'yan kwanaki, su ruɗi mai shanya. Gindin furen, koren nan mai kauri, yana riƙe ruwa har mako ɗaya ko biyu. Gwajin shi ne a ɗauki fure mafi girma a fasa gindinsa da farce. Idan ya karye ƙaras ya marmashe, ya bushe. Idan ya lanƙwashe ko aka ji sanyi a cikinsa, da saura. Fure ɗaya mai laima ya isa ya sa kwalba guda ta yi fumfuna. Kundin magunguna na Turai fallaye da ƙananan furanni kawai ya amince da su, waɗanda aka cire daga gindi. Masu haɗa magani a gida kuwa da yawa suna amfani da furen dungurungum saboda ɗanƙon da ke gindin. Duka biyun suna yi, amma wanda ke zaune inda laima take ya fi masa sauƙi ya zare fallayen. A ajiye busasshen fure a kwalba mai murfi, cikin duhu, a rubuta kwanan wata. Bayan shekara ɗaya, ko da zarar launi ya koɗe, a zubar.

Jiƙo, mai da man shafawa

Jiƙo shi ne mafi sauƙi. A zuba ruwan zafi mai tafasa mililita 150 a kan giram 1 zuwa 2 na busasshen fure, kimanin ƙaramin cokali biyu, a rufe minti goma, a tace, a bari ya huce. Da shi ake wanke ƙaramin rauni, ko a jiƙa tsaftataccen ƙyalle a ɗora, ko a kurkure baki idan dasashi ko maƙogwaro na zafi, sau biyu zuwa huɗu a yini. Ba ya kwana. Kullum sabo ake yi.

Mai kuwa da busasshen fure kaɗai ake yin sa. Ɗanye yana sakin ruwa, ruwa cikin mai kuma ruɓa ne. Ma'auni mai sauƙi shi ne giram 50 na fure a rabin lita na mai. Man zaitun aka fi sani, man riɗi ma yana yi. A zuba furen a busasshiyar kwalba, a kwarara mai har ya shanye shi ya hau sama da yatsa biyu, a motsa da cokali don iska ta fita, a rufe. A ajiye wuri mai ɗumi inda rana ba ta bugu, ana girgizawa kullum, har mako uku zuwa huɗu. Littattafan Turai da yawa suna cewa a ɗora kwalbar a taga rana ta buge ta. Wannan shawara ce ta ƙasar da ranarta ba ta da ƙarfi, a ƙasa mai zafi kuwa man zai lalace. Mai gaggawa zai iya sa kwanon mai da fure cikin tukunyar ruwan zafi a kan wuta kaɗan, awa biyu zuwa uku, yana lura kada man ya wuce zafin da yatsa zai iya jurewa na ɗan lokaci. Idan aka ji ƙaurin suya, aikin ya ɓaci. A tace da ƙyalle, a matse, a bar shi ya kwana ya kwanta, sannan a tsiyaye na sama cikin kwalba mai duhu. Man kirki yakan fito ruwan zinariya mai haske. A wuri mai sanyi yana kai wa shekara; a ɗaki mai zafi gara a ƙarar da shi cikin wata shida, kuma duk ranar da warinsa ya canza a rabu da shi.

Daga wannan man ake yin man shafawa. A narkar da giram 20 na kakin zuma cikin mililita 100 na man, a kwano cikin ruwan zafi. Inda zafi ya yi yawa a kai kakin giram 25 don kada ya narke a gwangwani. Ana iya ƙara cokali ɗaya ko biyu na man kaɗe, yana ƙara masa laushi, kuma ya dace da faso da kaushin hunturu. A ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi a gwada: in ya yi tauri a ƙara mai, in ya yi ruwa a ƙara kaki. A zuba a ƙananan gwangwanaye masu tsabta, kada a rufe sai ya daskare, domin tururi na komawa ruwa a murfi ya ɗigo ciki. Da hannu mai tsabta ake ɗiba, a shafa siriri.

Shagunan magani na Turai suna sayar da wani nau'in da aka tsima a barasa. Mai gida ba ya buƙatarsa. A girki kuwa fallaye kaɗai ake sawa, domin gindin yana da ɗaci, kuma launin ya fi fita idan aka fara jiƙa su a ɗan mai ko madara mai ɗumi. Masu rini suna tafasa furen su samu rawaya a kan ulu da siliki, bayan sun jiƙa zaren a ruwan alam.

Iyakarta

Hukumar da ke tantance magungunan tsirrai a Jamus ta amince da furen kalandula a 1986 don raunukan da ke jinkirin warkewa da kumburin baki da maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundinta na tsirran magani, sannan Hukumar Magunguna ta Turai ta karɓe shi a 2008 a matsayin maganin gargajiya na ƙananan raunuka, ƙunar rana da ƙaramin kumburin baki. Dogaronta a kan daɗewar amfani da shi ne ba tare da cutarwa ba, fiye da manyan gwaje-gwaje. Gwajin da aka fi ambata shi ne na birnin Liyon a Faransa, wanda aka buga a 2004: cikin mata 254 masu cutar dajin mama da ake yi wa gashi da na'ura, kashi 41 cikin 100 na masu shafa kalandula ne fatarsu ta ƙone sosai, a kan kashi 63 na masu shafa wani man kanti. Amma wani gwajin da aka yi a Suwidin aka buga a 2013 bai ga bambanci tsakaninta da man shafawa na yau da kullum ba. Adalci shi ne a ɗauke ta a matsayin mataimakiya mai taushi ga fata, kuma duk mai tallar ta a matsayin maganin daji ko ciwon suga ko rashin haihuwa yana faɗin abin da ba shi da hujja a kai.

Wanda jikinsa ke bori da tsirran dangin Asteraceae ya guje ta. Kowa ma ya fara gwada kaɗan a cikin damtse ya jira yini guda. In ƙaiƙayi ko ƙuraje suka fito, ya bari. Mai ciki da mai shayarwa kada su sha ta. Hukumar ta Turai ba ta ba da shawarar shafa ta ga yaro ƙasa da shekara 6 ba, ko kurkure baki da ita ga wanda bai kai 12 ba. Ba a ɗiga jiƙon gida a ido, ba a shafa man a cibiyar jariri. Ba a kuma sa mai ko man shafawa a kan sabuwar ƙuna. Ruwa mai sanyi ake fara kwarara mata na kimanin minti 20. Rauni mai zurfi, sukar ƙusa, cizon kare ko maciji, babbar ƙuna, da kowane gyambo a ƙafar mai ciwon suga, duk na asibiti ne tun ranar farko. Ƙaramin rauni ma, idan ya fara mugunya, ko ja da zafi suna bazuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko ya yi mako guda bai nuna alamar rufewa ba, a ajiye kalandula a nemi ma'aikacin lafiya.